Mabel Fairbanks: Malamar da Ba a Taɓa Bari Ta Shiga Gasa Ba



Yau tafiya za mu yi mai nisa, don haka kowa ta gyara zama. Amurka za mu, wajen wata mata baƙar fata mai suna Mabel Fairbanks, wadda ta shafe fiye da shekara 40 tana koyar da wani wasa da yawancinmu sai dai a talabijin muka taɓa ganinsa, wato wasan zamiya a kan ƙanƙara. Na san wata za ta ce, yau kuma ina mu ina ƙanƙara, mu da sai mun saya a leda muke jefawa a zoɓo? Ki yi haƙuri ki saurara dai. Matar nan ta yaye yaran da suka zama zakarun ƙasarsu, biyu daga cikinsu ma har suka zama zakarun duniya. Amma ita kanta ba a taɓa barinta ta shiga gasa ba, ko da sau ɗaya, tun daga ƙuruciyarta har ta bar duniya.

Bari in fara kwatanta muku wasan, don mu san abin da muke magana a kai. A ƙasashen sanyi, idan hunturu ya kankama, ruwan tafki yakan daskare ya yi tauri kamar daɓen siminti, har mutum ya taka ya wuce. Daga baya suka ƙirƙiro injin da ke daskarar da ruwa a cikin babban zaure, yadda ko lokacin zafi ne za a iya wasa. Filin gasa yakan kai mita 60 a tsawo, mita 30 a faɗi. Takalmin wasan na fata ne mai tauri, yana rufe idon sawu, an ɗaura masa wani ƙarfe a ƙasa mai kama da wuƙa, kaurinsa kamar milimita 4 ne kacal. To a kan wannan ɗan siririn ƙarfe mutum zai tsaya, ya zame da gudu, ya yi da baya, ya daka tsalle ya juya a sama sau biyu ko uku sannan ya dira da ƙafa ɗaya. Wani lokaci kuma ya tsaya wuri guda yana juyi kamar katantanwa. Ana yi ne da kiɗa, alƙalai na zaune a gefe suna ba da maki. Akwai na mutum ɗaya, akwai kuma na mutum biyu, mace da namiji, inda namijin kan ɗaga macen sama da hannu alhali suna cikin gudu.

A zamanin da muke magana akwai wani ɓangare na wasan da ba a cika nunawa 'yan kallo ba, shi ne zane. Ɗan wasa zai hau ƙanƙara mai tsabta, ya zana siffar lamba 8 da ire-irenta da bakin ƙarfen takalminsa, ya sake bi ta kan sawun farko daidai wa daida. Sai alƙalai su sauko su sunkuya suna duban sawun, ko ya kauce ko bai kauce ba. An daina wannan a manyan gasanni a 1990, amma a da shi ne ƙashin bayan wasan. Ku riƙe wannan, domin abu ne da ba a koyonsa da ka. Sai da malami, sai da jarrabawa mataki-mataki, kuma za mu ga a hannun wa jarrabawar take.

An haifi Mabel ranar 14 ga Nuwamba, 1915, a jihar Fulorida da ke kudancin Amurka, wuri mai zafi da fadamu, inda ba a san daskarewar tafki ba. Mahaifinta baƙar fata ne, mahaifiyarta kuwa tana da jinin Seminole, ɗaya daga cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar. Tana da shekara 8 mahaifiyar ta rasu. Aka kai ta riƙo gidan wata malamar makaranta, riƙon ya koma bauta, don kuwa 'yar aiki aka mayar da ita. Daga nan ta tafi wajen yayanta a birnin New York, a unguwar Harlem, inda baƙaƙen fata suka fi yawa. A shekarun nan dama baƙaƙe suna ta barin kudu suna kwarara biranen arewacin ƙasar, gudun wariya da neman abin sakawa a bakin salati.

Yayan nata da matarsa suna da shagon sayar da kifi, sai aka sa ta taya su ciniki. Wata rana wasu masu ƙaramin ƙarfi suka zo saye, tausayi ya kama ta, ta zuba musu fiye da na kuɗinsu. Mu a nan gyara muke cewa, amma masu shago ba su ga haka ba. Zaman gidan ya gagara, yarinya ta koma kwana a kan benci a lambun shaƙatawa. Allah Sarki. A nan ne wata mata mai hali ta gan ta, ta ɗauke ta aikin raino. Dama an ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki.

Gidan matar nan yana kallon Central Park, wani makeken lambu da ke tsakiyar birnin, mai tafkuna a cikinsa. Da hunturu sai Mabel ta tsaya a taga tana kallon yara suna zamiya a kan ƙanƙara. Abin ya shiga ranta. Ta tara 'yan kuɗinta ta je shagon da ake sayar da kayan jingina, ta sayi tsohon takalmin wasa. Ya yi mata yawa har da lamba biyu, sai ta cusa auduga a ciki. Da wannan takalmi ta fara, ba malami, sai kallon yadda wasu ke yi, ta faɗi ta tashi. Daga baya, a 1936, aka fito da wani fim na wata shahararriyar 'yar wasa, Sonja Henie 'yar ƙasar Nowe, wadda ta ci zinare a gasar Olamfik sau uku a jere, a 1928 da 1932 da 1936. Mabel ta ga fim ɗin, ta ƙudurta a ranta cewa wannan ce sana'arta.

To amma tafki sai da hunturu. Mai son ƙwarewa dole ta shiga zauren ƙanƙara na kuɗi, inda ake wasa kowane lokaci, inda kuma malamai suke. Mabel ta je da kuɗinta a hannu, aka ce mata ba a shigar da baƙaƙe. Ta tafi, ta sake dawowa, aka sake mayar da ita. Haka ta yi ta zarya har manajan wurin ya gaji ya ce a ƙyale ta ta shiga.

Da ta shiga, sai ta ja hankalin wasu manyan malamai biyu. Ɗaya Howard Nicholson, ɗayar kuma Maribel Vinson, kuma wannan ta biyun ta cancanci mu ɗan tsaya a kanta. Baturiya ce 'yar manyan gida, ta zama zakarar Amurka ta mata har sau 9, ta ci tagulla a Olamfik na 1932. Ni abin da ya ƙara sa ta kwanta mini a rai, 'yar jarida ce irina, ita ce mace ta farko da ta yi aikin rubuta labarin wasanni a jaridar New York Times. Wannan mata ta ga yarinya baƙa tana fama ita kaɗai, ta gane akwai baiwa, ta shiga gyara mata tsayuwa da juyi, ba tare da ta karɓi ko sisi ba. Kuma ba ta yaudare ta ba. Ta nuna mata cewa ƙofar gasa a rufe take, in tana son ta ci abinci da wasan nan sai dai ta shirya nata nunin, mutane su biya su kalla.

Me ya rufe ƙofar? Nan ne nake so mu lura sosai. New York ba ta cikin jihohin kudu masu dokar wariya a rubuce, inda aka ware wa baƙaƙe makarantarsu da kujerarsu a mota. A nan abin a lulluɓe yake. Hukumar wasan ta ƙasa, wadda aka kafa a 1921, ta ginu ne a kan ƙungiyoyi na gari-gari. Hanyar gasa ta cikin ƙungiya take bi: a nan ake yin jarrabawar zanen nan da na faɗa muku, a nan alƙalai suke, daga nan ake tura sunan yaro gasar yanki, daga yanki zuwa ta ƙasa, daga ta ƙasa zuwa Olamfik. Shiga ƙungiya kuwa sai 'yan cikinta sun amince da kai. Ba sai an rubuta cewa ba a son baƙi ba. Takardarki kawai za a karɓa, a yi miki murmushi, a ce za ki ji daga gare mu. Shi ke nan, sai ki yi ta jira. Wanda ya fito fili ya ce ba ya yi da ke, kin san inda za ki kai ƙararsa. Wanda ya ce ki dawo gobe fa, wa za ki kai wa?

Haka shekarun ƙarfinta suka wuce. Wasan nan kuwa na ƙuruciya ne, yawancin zakarunsa mata ba su cika wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Manyan kamfanonin nunin wasan ƙanƙara na lokacin, Ice Follies da Ice Capades, su ma ba su ɗauke ta ba.

Sai ta bi shawarar malamarta. Wani mutum mai suna Wally Hunter, wanda take kira kawu, ya zama mai kula da harkokinta, ya haɗa mata ɗan dandalin ƙanƙara na tafi-da-gidanka, ƙafa 6 a tsawo, ƙafa 6 a faɗi. Ku kwatanta fa, wasan da ake yi a filin mita 60, ita tana yinsa a wurin da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Tun da babu wurin gudu, sai ta mayar da hankali ga juyi a wuri ɗaya, tana ɗaga ƙafa ta riƙe ta sama da kai tana juyawa, har ta yi suna a kan haka. Da wannan ɗan dandali ta riƙa yawo gidajen rawa da wuraren taro.

A shekarun 1940 ta koma birnin Los Angeles a jihar Kalifoniya, can yammacin ƙasar, inda masana'antar fim ta Hollywood take. Ta yi zaton can za a fi sakin fuska. Sai ga shi a wani zauren ƙanƙara na garin Pasadena, kusa da birnin, har allo aka kafa cewa ba a neman cinikin baƙar fata. Duk da haka ta samu ta yi wasa a manyan gidajen rawa, ta bi wata tawagar nuni zuwa ƙasashen waje, inda launin fatarta bai hana a tafa mata ba. A farkon shekarun 1950 kuma ta riƙa fitowa a wani shirin talabijin na wasan ƙanƙara mai suna Frosty Frolics. Ta yi suna daidai gwargwado, amma kambu ko ɗaya babu.

A nan ne ta juya ga koyarwa, kuma a nan ne labarin da ya kawo mu yake.

'Yan uwa, ku bar ni in ɗan yi baranda. Sau nawa muka ga wadda aka hana ta abu, da ta girma sai ta zama ita ce mai hanawa? Wadda ta sha wuya a hannun uwar miji, ranar da ɗanta ya yi aure sai ta ce ai mu ma haka aka yi mana. Wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure, ita ce kan fara cewa karatun 'yar nan ya isa haka. Ba mugunta ba ce ko yaushe, wani lokaci ciwo ne da bai warke ba. Mabel tana da duk dalilin da zai sa ta zama haka. Sai ta ɗauki wata hanya daban.

Ta fara koyarwa a zaurukan Los Angeles, ciki har da wani mai suna Polar Palace, wanda gobara ta cinye a 1963. Taurarin fim da mawaƙa suka riƙa kawo mata 'ya'yansu, har da iyalin shahararren mawaƙin nan Nat King Cole. Waɗannan suna biya da kyau. A gefe guda kuma tana jawo yaran da ba wanda ke kallonsu, 'ya'yan baƙaƙe da na 'yan asalin Meziko da na Asiya, wanda iyayensa ba su da hali ta koya masa haka nan. Ku sani wasan nan na masu kuɗi ne. Takalmi kuɗi, wasa wuƙarsa kuɗi, hayar ƙanƙara kuɗi, ga kayan sawa, ga kuɗin tafiya gasa. Yaro yakan tashi tun da asuba ya yi atisaye kafin ya tafi makaranta, uwa ce kuma mai kai shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa akan fara tun yaro yana shekara biyar ko shida, malami ya zama kamar uwa ta biyu.

Ana cikin haka, ranar 15 ga Fabrairu, 1961, jirgin saman da ya ɗauko tawagar wasan ƙanƙara ta Amurka zuwa gasar duniya ya faɗi kusa da birnin Brussels na ƙasar Beljiyam. Ba wanda ya tsira. 'Yan wasa 18 suka mutu tare da malamansu da wasu iyayensu. Cikinsu har da Maribel Vinson da 'ya'yanta mata biyu, waɗanda su ma zakaru ne. Matar da ta fara miƙa wa Mabel hannu ta tafi ke nan, ba ta ga abin da ɗalibarta za ta yi ba.

Abin da ta yi kuwa shi ne, ta koma bakin ƙofar nan da aka rufe mata, wannan karon da yara a hannu. Ta horar da su har ya zama duk wanda ya gan su a kan ƙanƙara ba shi da ta cewa, sannan ta matsa wa ƙungiyoyi lamba su karɓe su. Lokaci ma ya taimaka, domin gwagwarmayar su Martin Luther King ta yi ƙarfi, a 1964 kuma aka sa hannu a dokar da ta haramta wariya a wuraren jama'a. Amma doka a takarda take, sai an sami mai ɗaukar yaro ta kai shi bakin ƙofa ta tsaya. A 1965 aka karɓi ɗalibanta biyu, Atoy Wilson a wata ƙungiya, Richard Ewell a wata. Shekara ɗaya bayan haka, a 1966, Atoy Wilson ya ci gasar ƙasa ta rukunin masu tasowa, ya zama baƙar fata na farko da ya taɓa cin kambun ƙasa a wannan wasa a Amurka. A 1970 Richard Ewell ya ci na rukunin matasa. A 1972 kuma shi da wata yarinya, Michelle McCladdie, wadda Mabel ce ta haɗa su, suka ci kambun matasa na wasan mutum biyu. Cikin shekara 7 da buɗe ƙofa, kambu uku. Kun ga ashe da ma ba iyawa ce babu ba.

Haɗa yara biyu su yi wasa tare, ido ne. Sai an dubi tsawo, a dubi ƙarfi, a dubi yadda kowa ke taka ƙanƙara, a kuma dubi hali, domin mutanen nan za su shafe shekaru suna ganin juna kullum, ran ɗaya yana hannun ɗaya. Mabel tana da wannan ido. A 1968, ana shirin wani ɗan nuni na ƙungiya, ta kira wata yarinya 'yar shekara 8 mai suna Tai Babilonia, wadda mahaifiyarta baƙar fata ce, mahaifinta kuma yana da jinin Filifin da na ƙabilar Hopi. Ta kira wani yaro Bature, Randy Gardner, ta ce su riƙe hannu su zagaya fili. Yarinya ta ce atafau ita ba za ta riƙe hannun namiji ba. Tai da bakinta ta sha ba da labarin cewa sai da malamar ta riƙa lallashinta da 'yar tsana da 'yan kyaututtuka kafin ta yarda.

Yaran nan biyu su ne suka zama zakarun Amurka sau 5 a jere, daga 1976 zuwa 1980. A 1979, a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya, suka zama zakarun duniya, a fagen da 'yan Tarayyar Sobiyet suka daɗe suna riƙe da shi. A Olamfik na 1980, wanda aka yi a gida Amurka, a garin Lake Placid, kowa ya zuba ido ya ga karonsu da zakarun Sobiyet, Irina Rodnina da mijinta Alexander Zaitsev. Sai Randy ya ji ciwo a matsematsi. Aka yi masa allurar kashe zafi, ƙafar ta yi sanyi, ya riƙa faɗuwa tun a wajen ɗumama jiki, dole suka janye ana gab da farawa. Tai ta fita tana kuka a gaban duniya.

To ga inda nake so mu yi tunani tare. Ranar da aka rataya musu zinare a Vienna, ba Mabel ce malamarsu ba. Tun a 1971 suka koma hannun wani malami, John Nicks, ɗan Ingila, wanda shi da 'yar uwarsa suka taɓa zama zakarun duniya a 1953. Ya zo Amurka ne bayan haɗarin jirgin nan na 1961, lokacin da ƙasar ta rasa manyan malamanta. Shi ya kai su ƙololuwa, shi aka ɗauka hoto da su, sunansa ne a jaridu. Wata za ta ce, to ai ga shi nan, kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ni ban ce haka ba. Nicks gwani ne na gaske a wasan mutum biyu, ya yi aikinsa shekara 9, ya cancanci yabonsa. Kuma haka sana'ar take, yaro yakan tashi daga hannu zuwa hannu. Abin da nake cewa shi ne, akwai aikin da ba ya fitowa a hoto. Wadda ta ɗaure wa yaro igiyar takalmi ran farko, ta ɗaga shi sau ɗari in ya faɗi, ta gane tun yana ɗan shekara 8 wanda zai dace da shi, ta yi faɗa da ƙungiya a kansa, idan ya kai inda za a tafa masa, yawanci tana gida tana kallo a talabijin kamar kowa. Duk wadda ta taɓa riƙon ɗan wani, ta yi masa wanka da tsarki, ranar aurensa aka kira uwar da ta haife shi gaban taro, ta san irin wannan zaman.

Idan kuka duba abin da aka rubuta a kanta, za ku ga ana jero sunayen manyan zakaru da suka taɓa ɗaukar darasi ko shawara a wajenta, irin su Kristi Yamaguchi da ta ci zinare a Olamfik na 1992, da Tiffany Chin, da Rudy Galindo. Ni dai na fi ba da ƙarfi ga waɗanda ta raina tun daga tushe, don a nan ne hannunta ya fi fitowa. Sai kuma hanyar da ta share. A 1986 wata baƙar fata, Debi Thomas, ta zama zakarar duniya, a 1988 kuma ta ci tagulla a Olamfik na birnin Calgary a Kanada, ta zama baƙar fata ta farko da ta sami lamba a Olamfik na lokacin sanyi. Malaminta daban ne. Amma tsakanin ranar da aka karɓi Atoy da Richard a ƙungiya da ranar da Debi ta hau dandamali a Calgary, shekara 23 ce kawai.

Mabel ba ta taɓa aure ba, ba ta haihu ba. Na san yadda wannan magana ke sauka a kunnenmu, har na ji wata ta ce wayyo. Ɗalibanta dai su ne 'ya'yanta, kuma sun riƙe ta har ƙarshe. Ta ci gaba da koyarwa har ta kai shekara 79. Da wata jarida ta tambaye ta game da gasar da aka hana ta, sai ta nuna cewa da ta je Olamfik ta zama tauraruwa, da ba ta zama wadda ta zama ba. Ni kam ina girmama wannan magana, amma ba na so mu yi saurin karɓarta mu ce to ashe alheri ne aka yi mata. Ba alheri ba ne, zalunci ne. Ita ce ta san yadda ta yi da shi. Ba wanda zai taɓa sanin matsayin da za ta kai da an bar ta ta gwada, kuma wannan asara ce da ba ta da diyya.

A 1997, tana da shekara 81, hukumar nan da ƙungiyoyinta suka ƙi karɓar ta tana budurwa, ta sa sunanta a zauren girmama gwarzayen wasan na Amurka. Ita ce baƙar fata ta farko da aka yi wa haka. A shekarar ce kuma likitoci suka gano tana da wata cuta da ke raunana tsokar jiki, inda garkuwar jiki ke kai hari ga mahaɗar jijiya da tsoka, har ɗaga fatar ido ya zama aiki. Matar da ta rayu da ƙarfin ƙafa. A 2001 aka gano sankarar jini, ta rasu ranar 29 ga Satumba na shekarar a garin Burbank, kusa da Los Angeles, tana da shekara 85. Lokacin Amurka tana cikin juyayin harin 11 ga Satumba, kwana 18 ke nan da faruwarsa. Wata guda bai cika ba aka sa sunanta a zauren girmama mata 'yan wasa na duniya.

Atoy Wilson da Tai Babilonia ba su bar sunanta ya kwanta ba, duk inda aka ba su dama sai sun ambace ta. A 2021 hukumar wasan ta Amurka ta buɗe asusu da sunan Mabel Fairbanks, don tallafa wa yara baƙaƙe da 'yan asalin ƙasar da sauran marasa rinjaye da kuɗin horo. Wadda ta fara samun babban tallafin wata yarinya ce baƙar fata 'yar Los Angeles, Starr Andrews, wadda aka haifa a 2001, wata uku kafin rasuwar Mabel. A 2022 ta zo ta biyu a wata babbar gasa ta ƙasa da ƙasa da aka yi a Kanada, aka rataya mata azurfa.

To jama'a, agogo ya ce mu dakata a nan. Mai son tofa albarkacin bakinta a kan abin da ta ji, ƙofarmu a buɗe take, a rubuto mana kamar yadda aka saba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida yara, a huta lafiya.